Kafin ku sake saya wa yaro abin wasa

Ranar awo wata uwa ta zo da ɗanta ɗan wata goma sha huɗu. Na ɗora shi a sikeli, na rubuta nauyinsa a kati, sai ta buɗe jaka ta ciro wata 'yar mota mai fitila, wadda in an danna ta take rera haruffa. Ta ce, "Malama, don Allah duba mini yaron nan. An ce wannan tana koya wa yara magana, amma kwana biyu ya yi da ita ya yar. Kwalin da aka sako ta ciki shi yake ja duk inda za shi. Ko wani abu na damunsa ne?"

Na dubi yaron. A lokacin ya samu kofin roba da cokali, yana jefa cokalin ciki, ya zazzage, ya sake jefawa, kuma duk jefawa ɗaya sai ya ɗago kai ya ga ko uwarsa ta gani. Na ce mata lafiyarsa ƙalau, hankalinta ya kwanta.

Wannan kuka na ji shi daga bakin iyaye ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Motar nan abu ɗaya ta iya, kuma da yaro ya gane shi, shi ke nan ta gama masa amfani. Kwali kuwa yau gida ne, gobe jirgi, jibi hula. Amma abin da na fi so uwar ta lura da shi, ɗago kan nan ne da yake yi. Yana jiran ta ce, "Kai, ya faɗa ciki! Ina cokali? Ga shi!" A irin wannan ba-ni-in-ba-ka kalmomi ke shiga kan yaro. Masana a Jami'ar Habad (Harvard) ta Amurka sun ƙiyasta cewa a shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro na ƙulla sababbin hanyoyin sadarwa fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma waɗanda ake yawan bi su ne ke ƙarfi.

A 2016 wata mai bincike a Amurka, Anna Sosa, ta naɗi muryoyin iyaye 26 suna wasa da 'ya'yansu 'yan wata 10 zuwa 16. Da aka ba su kayan wasa masu batir da ƙara, maganar iyayen ta ragu, gwarancin yaran ma ya ragu. Da aka ba su littafi mai hotuna sai hira ta ɓarke. Na'ura na surutu, uwa ta yi shiru, abin da ya faru ke nan. Yawan kayan ma ba ya taimako. A Jami'ar Toledo ta Amurka an gwada yara 36, wani lokaci a zube musu kayan wasa 16, wani lokaci 4 kacal, sai aka ga sun fi daɗewa a kan abu ɗaya suna juya shi idan kayan kaɗan ne. Saboda haka idan kwandon wasa ya cika, a ɓoye mafi yawa, bayan mako biyu a musanya.

Aikin da ya fi ratsa ni shi ne wanda aka fara a birnin Kingiston na ƙasar Jamaika a 1986, ƙarƙashin jagorancin Sally Grantham-McGregor. An ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda suka tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Ma'aikatan lafiya irinmu suka riƙa zuwa gidajen wasu daga cikinsu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, da kayan da aka haɗa da hannu da 'yan littattafan hoto. Bayan shekara ashirin aka bi sawunsu. Waɗanda aka yi wa ziyarar wasa, abin da suke samu a wurin aiki ya ɗara na sauran tsumburarrun da kashi 25 cikin ɗari. Duk ranar da wata uwa ta sunkuyar da kai ta ce mini ba ta da halin saya wa ɗanta kayan wasa, wannan labarin nake ba ta, domin ba na so ta fita tana ganin ta gaza.

Iyaye maza, da ku ma nake. Minti goma a tabarma, kana ɓoye fuska da tafin hannu kana buɗewa, ko kuna jera kofuna yana rushewa, ba zubar da girma ba ne. Ka bar shi ya ja ragamar wasan. In ya kifa abu, kada ka yi saurin gyara masa, ka faɗi sunan abin da yake yi ka jira.

Waya kuwa, na san gajiya ke sa a miƙa wa yaro ita don a samu a huta. Amma ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 a fili take: wanda bai kai shekara biyu ba, kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Jaririn da bai fara rarrafe ba a riƙa kwantar da shi rub da ciki idonsa biyu, ana kusa da shi, aƙalla minti 30 a yini, kaɗan-kaɗan.

Sai maganar da ba na wasa da ita. Yaron da bai kai shekara uku ba komai baki yake kaiwa, don haka duk abin da faɗinsa bai wuce santimita uku ba, kamar idon 'yar tsana, tayar ƙaramar mota ko murfin gora, zai iya shaƙe shi. Balan-balan da ta fashe a kwashe guntayenta nan take. Abin wasan da fentinsa ke ɓarewa a jefar, domin wani fentin na ɗauke da gubar dalma mai lalata ƙwaƙwalwa. Ƙananan maganaɗisu in yaro ya haɗiye biyu, suna iya manne wa juna ta bangon hanji har su huda shi.

Mafi gaggawa shi ne batirin nan mai kama da maɓallin riga, wanda ke cikin kayan wasa masu waƙa da fitila. In ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa biyu zai iya ƙona naman wurin, alhali yaro na iya zama kamar ba abin da ya same shi sai dalalar yawu ko ƙin cin abinci. A duba murfin batirin kowane abin wasa, in ba a ɗaure yake da kusa mai juyi ba, a ɗauke shi daga hannun yaro. In kuma ana zaton ya haɗiye, kada a sa shi amai, kada a jira gari ya waye. A tafi asibiti nan take, a riƙe abin wasan a hannu don likita ya ga girman batirin.