Izinin aiki bayan mastar daban, zaman dindindin daban

A fadodin Maradi, ana cikin shan shayi, sai ka ji an ce wane ya gama mastar a Kanada, shi ke nan ya samu wurin zama. Doka ba haka ta ce ba. Takardu biyu ne, kuma akwai tafiya tsakaninsu.

Ta farko izinin aiki ce ta bayan gama karatu, ana ce mata PGWP. Tun 15 ga Fabrairu 2024, wanda ya yi mastar na aƙalla wata 8 yana iya samun na shekara 3. Yana da kwana 180 bayan jami'a ta tabbatar ya gama, ya nema. Daga 1 ga Nuwamba 2024 sai ya haɗa da sakamakon jarrabawar Turanci ko Faransanci, mataki na 7 a ma'aunin harshe na Kanada. Sau ɗaya ake bayar da ita a rayuwa.

Cikin shekarun nan uku ake neman ta biyu, wato zaman dindindin, galibi ta Express Entry, tsarin da Kanada take zaɓar ƙwararrun ma'aikata da shi. Ana son shekara ɗaya cur ta aikin ƙwararru a Kanada, awa 1,560. Wanda aka yi lokacin karatu ba ya shiga lissafi, wanke kwanuka a gidan abinci ma haka. Nan ne abin ke damuna. Yaro ya gama, waya daga gida ba ta yankewa, ga kuɗin rago, ga na taki, sai ya kama aikin da ya fara samu. Yana aiko da kuɗi, ana sa masa albarka, kwanakin takardarsa kuwa suna ƙarewa a banza. Iyaye, don Allah a ɗan yi masa haƙuri har ya samu aikin da ake ƙirgawa.

Ɗan Nijar yana da makamin da bai kamata ya raina ba: Faransanci. Tun 2023 Kanada take ware gayyata ta musamman ga masu jin sa. Amma digirin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ba zai tsaya a madadin shaida ba. Sai an zauna jarrabawar Faransanci ta TEF ko TCF, sakamakon kuma shekara 2 yake aiki. Wannan hanya ta masu zama wajen lardin Kebek ce, don ita tsarinta daban.

Ga wanda ya yi mastar ɗinsa a Faransa kuwa, abin ya fi ƙunci. Wata 12 ƙasar take bayarwa na neman aiki ko kafa sana'a, ba sabuntawa, kuma aikin ya dace da karatun, albashinsa ya kai ninki ɗaya da rabi na mafi ƙarancin albashi.