Aikin huji a ciki: ga amsoshin, a daina tare ni a bakin masallaci

Ma'aikacin jinya ne ni a ɗakin tiyata, a wani asibitin ƙaramar hukuma a Jigawa. Tun ranar da wata baiwar Allah a garinmu ta dawo daga Kano an cire mata madaciya, ta nuna wa matan gidan biki tabo huɗu ƙanana, ban sake samun sakat ba. A kasuwa a tambaye ni, a wurin ɗaurin aure a tambaye ni, wani ma ƙarfe ɗayan dare zai kira. Tambayoyin ba sa canjawa, shi ya sa na rubuta amsoshin.

Wai da gaske ana yi wa mutum aiki a ciki ba a yanka shi ba?

Ba gaskiya ba ne. Ana yankawa, yankan ne ƙarami: huji uku ko huɗu, kowanne rabin santimita zuwa santimita ɗaya. Likitoci na kiransa lafaroskofi.

Da leza ake yi?

A'a. Kyamara ce, da fitila, da almakashi da hantsaki masu dogon mariƙi. Hannun mutum ne ke juya su.

To yaya ake yi?

Ana sa mutum barci gaba ɗaya. A hura masa iskar kabon dayoksaid, cikin ya taso kamar ƙwarya a kife, don a sami filin aiki tsakanin fatar ciki da hanji. A zura kyamara ta cibiya, likita na kallon allon talabijin yana aiki ta sauran hujin. An gama, a saki iskar, a ɗinke. Wasu kan farka da ciwon kafaɗa. Ragowar iskar ce ke taɓa jijiya, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Kada a kai shi wurin mai ɗori.

Ba gwaji ake yi da talakawa ba?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai, don tsoron da take sawa yana hana mutane zuwa asibiti kwata-kwata. Wani likita Bajamushe, Kurt Semm, ya cire afendis ta huji tun 1980. Erich Mühe ya cire madaciya a Jamus a 1985, Philippe Mouret ya yi a Faransa a 1987. Mutanen da aka haifa a wancan lokacin, yanzu suna aurar da 'ya'ya.

Kuma ba haka kawai aka yarda da shi ba. Da aka zo kan sankarar babban hanji, likitoci da kansu sun ji tsoron kada a bar ragowar ciwo a ciki. Sai aka yi bincike a asibitoci 48 na Amurka da Kanada, aka raba marasa lafiya 872 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi huji, rabi tsaga. Sakamakon ya fito a 2004: dawowar ciwon bayan shekara uku kusan ɗaya ce, kuma 'yan huji sun riga barin asibiti da kwana guda, sun kuma sha maganin zafi kaɗan. Birtaniya da wasu ƙasashen Turai sun yi nasu a 2005, maganar ba ta canja sosai ba. Ku lura da kyau: binciken bai ce huji ya fi tsaga warkar da sankara ba. Cewa ya yi sun yi kunnen doki, huji ya fi sauƙin jinya.

An ce ɗana afendis ne. Mu bari a tsaga shi a nan, ko mu ɗauke shi zuwa Kano a yi masa na huji?

Wannan ce tambayar da ba ni da amsa guda a kanta, kuma duk wanda ya ba ka amsa guda bai ga yaron ba, ka yi hattara da shi.

Abin da ake fara dubawa shi ne gaggawa. Afendis da ya kumbura da awanni yake lissafi. Idan a asibitin da kuke akwai likitan da ya saba yin aikin, akwai mai sa barci, akwai jini idan an buƙata, ni dai shawarata a yi a nan. Abin da huji zai ƙara maka shi ne 'yan kwanaki na saurin tashi da ƙarancin ruɓewar ɗinki. Abin da jinkiri zai iya jawo maka shi ne ya fashe. Da idona na ga wani dattijo ya ɗauke ɗansa ɗan shekara goma sha huɗu daga gadonmu, ya ce sai ya sayar da gyaɗa ya kai shi birni a yi masa "na kwamfuta". Kwana huɗu suka dawo a bayan a-kori-kura, yaron ya naɗe ƙafafu ya kasa miƙewa, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Aikin da zai tsaya a yankan ɗan yatsa ya koma tsaga daga cibiya zuwa mara, aka kwashe mugunya, ya yi mako uku a kwance. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma kuɗin gyaɗar da na rago duk sun tafi. Uban ba mugu ba ne, so ne ya sa shi.

Idan kuma taifot ce ta huda hanji, wadda muke yawan gani a yaran karkara, ciki ya ɗaure kamar ganga, to maganar huji ma a ajiye ta. A sa ruwa, a ba da allurai, a buɗe a wanke a ɗinke. Mutumin da jininsa ya riga ya faɗi, hura masa iska a ciki na iya ƙara wa zuciyarsa nauyi.

Amma fa akwai inda zan ce a tafi. Tsakuwar madaciya da ke tashi tana kwanciya yawanci tana ba da lokacin shiri, kuma tsagarta a ƙasan haƙarƙarin dama take, doguwa, mai hana jan numfashi sosai. Masu sikila, waɗanda tsakuwar nan ta fi kamawa tun suna ƙanana, ƙirjinsu ba ya son haka. Irin wannan sai a nemi takarda zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a duba yawan jininsa, a shirya shi a tsanake. Haka matashiyar da ke ciwon mara ta dama ba a tabbatar ko afendis ba ne ko ƙwan mahaifa: kyamara na iya duba duka ta huji ɗaya. Mai ƙiba ma ya fi cin ribar huji. Wanda kuwa aka taɓa tsagawa sau biyu ko uku, hanjinsa na iya mannewa, aikin ya yi wuya. Ƙabar gefe ɗaya da ba a taɓa yi wa aiki ba, gyaranta na buɗewa yana da kyau ƙwarai, ba sai ka je ko'ina ba.

Duk wannan jagora ne kawai. Likitan da ya ɗora hannu a cikin yaronka ya fi ni sani. Idan kun yanke tafiya, ku tambayi kuɗin gaba ɗaya tun kafin ku hau mota, har da gado da magani da abincin mai jinya.

Me ya sa ba a yi a asibitinmu?

Wuta. Aikin da ake kallo a allo ba ya jure ɗaukewar lantarki ko na minti ɗaya. Sai tukunyar iska da za a riƙa cikowa daga birni, da mai gyaran na'ura. Ana binciken hanyar ɗaga fatar ciki da ƙarfe ba tare da iska ba, an gwada a karkarar Indiya, kuma ina bin labarin da fata. Amma abin da ya fi na'ura tsada shi ne hannun da ya iya.

Ashe da mu ake koyon aiki?

Kowane likita a jikin mutum ya fara, Alhaji, har wanda ya yi wa mahaifinka. Tambayar da ta dace ita ce me ya yi kafin ya taɓa mutum, kuma wa ke tsaye a kansa.

Aikin huji yana da wuyar koyo. Allo ba ya nuna zurfi, kuma idan ka kai hannunka dama, bakin ƙarfen hagu yake tafiya, kamar mai tuƙa kwalekwale. A farkon shekarun 1990, da likitoci suka yi rububin fara cire madaciya ta huji, raunata bututun ɗaci ya ƙaru, yawanci a ayyukan farko na likita. Daga nan aka koma fara koyo a akwatin atisaye kafin a taɓa mutum. A Jami'ar Yale a 2002 aka raba likitoci 16 masu neman ƙwarewa gida biyu. Waɗanda suka fara atisaye a na'urar kwaikwayo sun fi sauri da kashi 29 cikin 100, kurakuransu kuma sun ragu ninki shida. A 2013 a jihar Michigan aka sa likitoci su auna bidiyon aikin takwarorinsu 20 ba tare da sanin suna ba: marasa lafiyar waɗanda hannunsu ya fi rauni sun sami matsala kashi 14.5, na gwanaye kashi 5.2.

Wani matashin likita da ya yi aiki da mu ya huda kwalin taliya wuri uku, ya kafa wayarsa a sama tana haska ciki. Bayan sallar isha'i zai zauna yana ɗaukar ƙwayar wake da dogon hantsaki daga murfin kwalba zuwa wani, yana yanka da'ira a ƙyalle, yana ƙulla zare ba ya kallon hannunsa. Watanni yana yi kafin ya tafi horo. Irin wannan nake so ya taɓa 'yata. A ƙasar nan Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma da kwalejin ƙasa ta horar da ƙwararrun likitoci ne ke yaye su, bayan shekaru a ƙarƙashin manya. Ka tambayi likitanka sau nawa ya yi irin aikinka. Ba rashin kunya ba ne.

An ce huji za a yi, na farka na ga tsaga. An cuce ni?

A'a, kwantar da hankalinka. A binciken nan na 2004 ma, kashi 21 cikin 100 sai da aka koma buɗewa. Likitan da ya ga jini ko ya kasa gane hanya ya ajiye kyamara ya buɗe, ranka ya duba.

Na ji ana yi da mutum-mutumi.

Likita ne ke sarrafa shi daga kujera. Bar wannan tukuna.

Yaushe zan koma gona?

Tafiya a tsakar gida tun washegari. Huɗa, ɗaukar buhu da jan guga, sai likitanka ya ce, don hujin waje yana riga na ciki warkewa. Idan zazzaɓi ya zo, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciki na kumbura, ko ido ya yi rawaya bayan aikin madaciya, a dawo asibiti a ranar, ko da dare ne.