Wa ke biyan kuɗin gadin sharar nukiliya a jihohin Amurka?

Safar hannun da ma'aikacin asibiti ya cire bayan an yi wa mai ciwon daji magani, rigar aikin da aka tuɓe a tashar lantarki ta nukiliya, tsumma, allura, matatar ruwa da ta gama aiki: waɗannan ne dokar Amurka ke kira sharar nukiliya mai ƙarancin turiri, wato hasken nan mai cutarwa da ba a gani da ido wanda kayan nukiliya ke fitarwa. Ba ita ce makamashin da aka ƙona a cikin tukunyar nukiliya ba, wannan nauyinsa na wuyan gwamnatin tarayya. Ita wannan ƙaramar, tun 1980 doka ta ce kowace jiha ta san yadda za ta yi da tata.

Rigima ce ta haifi dokar. A ƙarshen shekarun 1970 ramuka uku kacal suka rage suna karɓar sharar ƙasar duka: Barnwell a jihar South Carolina, Beatty a Nevada, da Richland a jihar Washington. A 1979 gwamnonin jihohin nan uku suka nuna sun gaji da zama jujin kowa, wasu suka rufe nasu na ɗan lokaci, wani ya rage abin da yake karɓa. Sai majalisar dokokin tarayya ta ba jihohi damar haɗa ƙawance, kowane ƙawance ya gina raminsa, ya kuma samu ikon hana na waje kawo shara. Yau ƙawance goma ne.

Da aka ga jihohi na jan ƙafa, sai aka yi wa dokar gyara a 1985, aka sa mata haƙora. An ba jihohin nan uku izinin karɓar ƙarin kuɗi a kan sharar da ta zo daga waje: dala 10 a kan kowane ma'auni na ƙafa ɗaya tsawo, faɗi da zurfi (ya ɗan ɗara jarka mai lita 25), daga baya dala 20, sannan dala 40 daga 1990. Kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ana ajiye shi, a mayar wa jihar da ta cika sharuɗɗa a kan lokaci. Akwai kuma sashe mafi tsauri, wanda ya ce jihar da ta kai 1996 ba ta tanadi wuri ba, shara ta zama mallakinta, duk ɓarnar da ta jawo ita za ta biya. Jihar New York ta kai ƙara, a 1992 Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe, ta ce tarayya ba ta da hurumin tilasta wa gwamnatin jiha haka. Sauran dokar ta tsaya.

To ina kuɗin jiha ke tafiya? Na farko, sa ido. Kusan jihohi 40 sun ƙulla yarjejeniya da hukumar kula da nukiliya ta tarayya, NRC, suka karɓi aikin ba da lasisi da duba wurare da kansu. Aikin na bukatar ƙwararru, na'urorin auna turiri, da gwajin ruwan rijiyoyin da aka haƙa a kewayen rami. Galibi ana maido da wannan kuɗi ta hanyar kuɗin lasisi da na dubawa, wato asibiti da jami'a da kamfanin lantarki su ke biya. Nan babu wata sarƙaƙiya.

Na biyu, neman fili, kuma nan ne aka yi asarar da ta fi ciwo. Kowa ya yarda a gina rami, amma ba a bayan gidansa ba. California ta shafe shekaru a kan Ward Valley, ba a binne ko da ganga ɗaya ba. Nebraska ta hana lasisin ramin da ƙawancenta ya tsara a gundumar Boyd, kotu ta ce ba da zuciya ɗaya ta yi ba, a 2005 ta biya dala miliyan 145 da ɗoriya. Kuɗin talakawa ne, a kan ramin da ba a haƙa ba. Tun da aka yi dokar, rami ɗaya tak wani ƙawance ya iya buɗewa, na gundumar Andrews a Texas, a 2012. Na Clive a jihar Utah kamfani ne ya kafa shi ba ta hanyar ƙawance ba, kuma sharar da ta fi rauni kawai yake karɓa.

Na uku shi ne wanda ba a cika lissafa shi ba, a ganina kuma shi ne uwa uba. Ƙa'idar NRC ta 1982 ta raba sharar gida uku, A da B da C, gwargwadon ƙarfinta. Ta ce dole a binne ta a filin gwamnati, na jiha ko na tarayya, kuma bayan an rufe wurin, mai filin zai ci gaba da gadi da gyara da gwaji har zuwa shekara 100. Ajin C ma sai an binne shi da zurfi sosai, ko a yi masa shingen da zai jure shekara 500. Kamfani na karɓar kuɗi muddin motoci na shigowa. Ranar da aka rufe ƙofa ciniki ya ƙare, amma ciyawa za ta ci gaba da tsirowa, ƙasa ta ci gaba da zaftarewa, damina ta ci gaba da zuwa. Saboda haka ne ake cire wani abu daga kuɗin kowace ganga a zuba a asusun kula na dogon zango. In asusun ya gaza, baitulmalin jiha ne zai cike.

An sha ganin haka. Maxey Flats a Kentucky an rufe shi a 1977 bayan ruwan sama ya cika ramukan ya fara tsiyayowa da guba, a 1986 aka sa shi cikin jerin wuraren da suka fi gurɓata a ƙasar. Beatty kuma an daina kai masa wannan shara tun ƙarshen 1992. A watan Oktoban 2015 aka tafka ruwa, ya ratsa murfin wani tsohon rami ya tarar da ƙarfen sodiyam da aka binne a ganguna shekaru da dama baya, wanda ba ya shiri da ruwa. Wuta ta tashi, ganguna suka yi tsalle suka faɗo waje, aka rufe babbar hanyar da ta bi ta wurin. Filin na jihar Nevada ne, ita aka kira.