Ruwan burtsatsen unguwarmu garau yake: ya wadatar a ce lafiyayye ne?

A ƙauyuka da unguwanni da yawa yanzu tsarin ɗaya ne: rijiyar burtsatse, injin sola, tanki a kan ƙarafa, sai jerin famfuna a ƙasa. Ranar da ruwa ya fito ana murna, a yanka rago, a yi addu'a. Abin da ke damuna shi ne daga wannan rana ba kasafai wani ke sake tambayar lafiyar ruwan ba, sai in inji ya tsaya. Ga wasu tambayoyi da 'yan kwamitin ruwa da masu unguwanni suka saba yi.

Ruwanmu ba shi da launi, ba ya wari, ɗanɗanonsa lafiya lau. Me kuma ake nema?

Mun taso da wannan ma'auni ne daga karatun tsarki: in launi da ɗanɗano da ƙanshin ruwa ba su sauya ba, ya halatta a yi alwala da shi. Wannan hukuncin ibada ne, kuma yana nan daram. Amma tambayar likita daban ce. Ƙwayoyin da ke kawo kwalara da taifot da gudawar yara ido ba ya ganinsu, harshe ba ya jin su. Kofi ɗaya na ruwa garau kamar hawaye zai iya ɗauke da abin da zai kwantar da gida guda.

A shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Kwalara ta hanyar ruwa da abincin da bayan gida ya taɓa take yaɗuwa.

To akwai wata doka da ta hau kan ɗan ƙaramin tsari irin namu?

Akwai. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta fitar da ma'aunin ingancin ruwan sha na Najeriya a 2007, aka sabunta shi a 2015, kuma bai tsaya kan manyan hukumomin ruwa na jihohi ba. Ya haɗa da ruwan da al'umma ke gudanarwa da kanta, da na tankoki, da na masu sayarwa. Ruwan leda da na gora kuwa hukumar NAFDAC ke yi musu rajista. Alƙaluman sun yi kusa da na Hukumar Lafiya ta Duniya. Waɗanda ya kamata ɗan kwamiti ya riƙe ba su da yawa: kada a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100. Sinadarin naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita. Sinadarin fuloraid kada ya wuce miligiram 1.5 a lita, dalma kuma miligiram 0.01. Ita E. coli a hanjin mutum da dabba take zama, saboda haka ganinta a ruwa shaida ce cewa kashi ya samu hanyar shiga.

Rijiyar tana da zurfi sosai. Ta ina ƙazanta za ta shiga?

Nan ne ya kamata a daɗe, domin yawancin ɓarnar ba a can ƙarƙashin ƙasa take faruwa ba.

Fara da bakin rijiyar. In daɓen simintin da ke kewaye da ita ya tsage, ko kuma tun farko mai haƙa bai cike gefen bututun da siminti yadda ya kamata ba, ruwan sama zai kwaso kashin awaki da na kaji ya bi jikin bututun ya gangara. Shi ya sa gudawa ke yawaita da faɗuwar damina. Sannan a duba masai mafi kusa. Abin da aka saba bayarwa shi ne tazarar mita 30 aƙalla, kuma masan ya kasance ta gangare, ba ta tudu ba. A cikin gari inda gidaje suka cunkushe, sau da yawa za ka tarar katanga ɗaya ce tsakanin shaddar maƙwabci da burtsatsen masallaci.

Sai tanki. Ina roƙon duk ɗan kwamitin da ke karanta wannan ya samu tsani ya hau ya leƙa da idonsa. Abin da ake yawan tararwa: iska ta yar da murfi tun bara, an rufe bakin da guntun kwano an ɗora dutse, gansakuka ta yi kore a jikin bango, laka ta kwanta a ƙasa kamar kamu, wani lokaci har da mushen ƙadangare ko tsuntsu. Mutanen da ke layi a ƙasa da jarkokinsu ba su san da wannan ba, kuma sun amince da ku ne.

Na uku bututu. Inda aka ja ruwa zuwa gidaje, sau da yawa bututun roba yana bi ta cikin kwata. Lokacin da ruwa ke gudu, wurin da ya fashe yana tsartuwa waje, kowa ya gani ya wuce. Amma da zarar an kashe inji ƙarfin ruwan ya faɗi, sai ɓular ta koma tsotso, ta zuƙo ruwan kwatar zuwa ciki. Ruwan farko da ya fito washegari da safe shi ne wannan.

In ruwan ya fito da tsafta daga famfo, an gama ke nan?

Da saura. Jarkar ɗan garuwa da ba a taɓa wanke cikinta ba, ledar da ake toshe bakinta da ita, randar da ake ƙara sabon ruwa kan tsoho wata da watanni, duk hanyoyi ne. Ku lura da yaro in ya dawo daga wasa: zai ɗauki moɗa daga ƙasa, ya zura hannu har wuyan hannu cikin randa, ya sha, ya mayar da ragowar. A rufe randa, a rataye moɗa mai dogon mariƙi wadda ba a sha da ita, a riƙa juye randar ana wankewa. Mazubi mai ƙaramin baki ko bokiti mai famfo ya fi.

Muna sa alif. Bai isa ba?

Alif yana tattara laka ta kwanta, ruwa ya washe. Ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda za a dogara da shi. Amfaninsa shi ne share fage, domin kulorin, sinadarin da ake sawa ya kashe ƙwayoyin cuta, ba ya aiki sosai a ruwa mai dauɗa.

Yaya ake amfani da kulorin, kuma me ya sa mutane ke ƙin warinsa?

Ana so bayan minti 30 da zubawa a samu ragowar kulorin kusan miligiram 0.5 a lita, kuma a famfo mafi nisa kada ya gaza 0.2. Wannan ragowar ita ce ke ci gaba da tsaron ruwan a cikin jarka da randa. Akwai ɗan abin awo mai sauƙi: a ɗebi ruwa, a jefa ƙwayar awon, ruwan ya koma ruwan hoda, a gwada da jadawalin launi. Duk wanda ya iya karatu zai koya a zama ɗaya.

Ƙin warin kuwa yawanci laifin zubawa da ka ne. Wani ya kwarara da yawa yau, mata su ce shayi da kunu sun ɓaci, gobe kowa ya koma tsohuwar rijiya ko kududdufi. A auna, a kuma yi wa jama'a bayani a masallaci da wurin suna tun kafin a fara. Wanda zai sa na gida, ƙwaya ko na ruwa, ya bi abin da aka rubuta a jikin kwalin, ya jira rabin sa'a.

Tafasawa fa? Ba ta maganin komai?

Tana kashe ƙwayoyin cuta in ruwan ya tafasa sosai na minti ɗaya. Amma ba ta cire fuloraid ko naitiret ko dalma. Tururi ne ke tashi, su suna nan, har ma su ɗan ƙara kauri.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A garin Tibiri kusa da Maraɗi, an shafe shekaru tun daga tsakiyar shekarun 1980 ana shan ruwan wata rijiya mai zurfi da fuloraid ɗinta ya ninka ma'auni fiye da sau uku. Kafin a gano, yara masu yawa haƙoransu sun rine, wasu ƙafafunsu sun lanƙwashe har abada. Ruwan garau yake, kuma daga famfo yake fitowa. A Najeriya ma an san yankin Kaltungo a Gombe da Langtang a Filato da wannan matsala. In kuka ga yaran gari da yawa haƙoransu na dindindin suna fitowa da ɗigo-ɗigon fari ko ruwan ƙasa, kada a tsaya cewa gado ne, a kai ruwa awo.

Naitiret daga masai da takin zamani yake zuwa, kuma jarirai ya fi yi wa illa, musamman waɗanda ake dama wa madara da ruwan, domin yana hana jininsu ɗaukar iska. Inda ake haƙar zinariya ko wanke ta kuma a nemi awon dalma. Abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara kusan 400, ƙurar dutsen da ake niƙawa a gidaje ce babban sanadinsa, amma ya isa ya sa duk garin da ke kusa da ramin haƙa ya san abin da ke cikin rijiyarsa.

Ruwanmu yana rina bokiti ja. Guba ce?

Galibi ƙarfe ne. Yana ɓata ɗanɗano da fararen kaya, amma ba shi ne abin tsoro ba. Haɗarinsa shi ne ya kori mutane zuwa ruwan da ya fi daɗi a baki alhali ya fi ƙazanta.

Ina za mu kai ruwan, kuma sau nawa?

A fara da sashen ruwa da tsafta na ƙaramar hukuma ko duba-gari, su haɗa ku da hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiha, wato RUWASSA. Jami'o'i da yawa ma suna da ɗakin gwaje-gwajen da ke karɓar irin wannan aiki. Awon sinadarai a yi shi kafin a buɗe sabuwar rijiya ga jama'a, kuma kwamiti ya karɓi takardar sakamakon a hannunsa, kada ya yarda da "an gwada" ta fatar baki daga ɗan kwangila. Awon ƙwayoyin cuta shi ke son maimaici: a ganina aƙalla sau biyu a shekara, ɗaya da rani ɗaya a tsakiyar damina, sannan bayan ambaliya, bayan an ciro famfo an gyara, da duk lokacin da gudawa ta yi yawa a gari. Kwalbar awo daga wurin masu gwajin ake karɓowa, ba gorar lemo ba. A sa ta cikin kula mai ƙanƙara, ta isa cikin sa'o'i shida.

In sakamako ya fito ba kyau, mu yi shiru har mu gyara?

A'a. A sanar a ranar, ta bakin mai unguwa da liman da sanƙira: kowa ya tafasa ko ya sa kulorin har sai an ji sanarwa ta biyu. Daga nan a bi layi daga bakin rijiya zuwa famfon ƙarshe a nemo ɓular, a gyara, a wanke tanki da kulorin mai ƙarfi, a zubar, a sake awo. Na san kunya ce ke sa kwamiti ɓoyewa, da tsoron a ce sun ci kuɗin ruwa. Amma uwar da ke dama wa jaririnta koko da wannan ruwan tana da haƙƙin ta sani a daren.

Wa zai riƙe duk wannan?

Mutum ɗaya da kowa ya san sunansa, da mataimaki, da littafi mai bango. A rubuta ranar da aka wanke tanki, awon kulorin, ranar da bututu ya fashe da ranar da aka ɗinke shi, a manna takardun gwaji a ciki. A sa mata a kwamitin, domin su ne ke fara lura in ruwa ya sauya ko yaran layi ɗaya sun kama gudawa tare. Kuma daga kuɗin da ake karɓa a kan kowace jarka a ware wani kaso tun farkon wata don awo da kulorin, a ajiye shi daban da kuɗin gyaran inji.