Portlet

Portlet ƙaramar manhaja ce da ake rubutawa da yaren Java domin ta cike taga ɗaya a shafin portal, wato tashar intanet da ke tara hidimomi iri-iri wuri guda. A tashar jami'a, alal misali, tagar sakamakon jarrabawa daban take, ta sanarwa daban, ta biyan kuɗin makaranta ma daban. Portlet ba ta fitar da cikakken shafi. Guntun HTML (yaren da ake tsara shafukan intanet da shi) kaɗai take miƙawa, ita kuwa tashar ta harhaɗa guntayen.

Tarihi

Tun wajen tsakiyar shekarun 1990 shafuka irin su My Yahoo! suka sabar wa mutane da jera tagogin labarai da hasashen yanayi yadda suka ga dama. Manyan kamfanoni suka ɗauki salon don amfanin ma'aikatansu, sai dai kowane mai sayar da manhajar tasha da irin tasa hanyar. Tagar da aka gina don WebSphere Portal na IBM ba ta aiki a tashar BEA ko ta Oracle sai an sake rubuta ta.

Wannan ne ya sa aka tsara ƙa'ida guda a ƙarƙashin Java Community Process, tsarin da ake bi wajen fitar da ƙa'idojin Java. IBM da Sun Microsystems ne suka jagoranci aikin, aka kammala shi a watan Oktoba na 2003 da sunan JSR 168. A shekarar ce kuma ƙungiyar OASIS mai tsara ƙa'idojin fasaha ta amince da ƙa'idar WSRP, wadda ke bai wa tasha damar nuna tagar da ke zaune a wata sabar. Babban giɓin ƙa'idar farko shi ne ba ta tanadi hanyar da tagogi za su aika wa juna saƙo ba. JSR 286 ta 2008 ta toshe shi, ta kuma ƙaro wani aiki mai suna serveResource don sabunta taga ba tare da an sake loda shafin duka ba. Bugu na uku, JSR 362, ya fito a 2017. Apache Pluto ita ce manhajar misali da aka gina don nuna yadda ake aiwatar da waɗannan ƙa'idoji.

Takardun masu gini

Bayanan da masu rubuta portlet ke dubawa hawa-hawa suke, kuma a nan sabon shiga ya fi ɓata. Tushe shi ne takardar ƙa'idar kanta, wadda lambobin sassanta ke farawa da PLT. Ita ce ta bayyana yanayi uku na taga, VIEW da EDIT da HELP, ta kuma raba aiki gida biyu: processAction na karɓar abin da mutum ya tura daga fom, render na zana taga. Rabon yana da dalili. Duk lokacin da aka taɓa taga ɗaya, tasha na iya sa sauran su sake zana kansu, don haka wanda ya sa umarnin adana biyan kuɗi a cikin render zai iya tarar da an rubuta biyan sau biyu.

Sai Javadoc, wato jerin bayanan kunshin javax.portlet, inda ake duba aji irin su GenericPortlet da ayyukansa irin su doView. Wurin dubawa ne kawai, ba ya koyarwa. A sama kuma akwai takardun kamfanoni irin su Liferay, waɗanda suka fi yawan misalai, amma sukan gauraya abin da ƙa'ida ta tanada da ƙarin da kamfanin ya yi. Alamar ganewa mai sauƙi ce: portlet.xml na ƙa'ida ne, liferay-portlet.xml na Liferay ne kaɗai. Kafin a kwafi kowane misali, ya kamata a duba lambar bugun da aka rubuta shi dominsa, domin daga Liferay 7 an koma tsarin OSGi na rarraba manhaja zuwa ƙananan sassa, tsofaffin darussa da dama suka daina aiki yadda suke.

Amfani a yau

Har yanzu ana samun portlet a tashoshin gwamnatoci da bankuna da jami'o'i. Microsoft na da makamanciyarta a SharePoint mai suna Web Part. Wasu na ganin manhajojin JavaScript irin su React sun maye gurbinta, wasu kuma na haɗa biyun a tasha ɗaya.