Me ake nufi da “dashen haƙori”, kuma me ya haɗa shi da dasashi?

Haƙorin kawuna na farko a cikin ƙuli-ƙuli ya fita. Muna zaune a rumfarsa ta babbar kasuwar Maradi bayan la'asar, ya kai gatsa, sai na ga ya tsaya cak. Ya sa yatsu biyu a baki ya zaro shi ɗungurungum, har da saiwa. Haƙori ne lafiyayye, ba rami ba tsaga, in ban da jan goro da ya rina shi. Ya jujjuya shi a tafin hannu ya ce, “Ikon Allah, ko zafi ban ji ba.” Ya naɗe shi a takarda ya jefa aljihu, aka ci gaba da ciniki. Kafin shekara biyu wasu uku sun bi sahu. Daga nan ne ɗansa da ke karatu a waje ya fara turo masa bidiyo ta WhatsApp, ana nuna mutum ya shiga asibiti da giɓi ya fito yana washe baki, wai an yi masa dashen haƙori.

Kalmar ta shiga bakin mutane sosai yanzu, amma kowa da abin da yake ɗauka. Wanda ya saba jin dashen ƙoda yakan zaci haƙorin wani mutum ake cirowa a sa maka, har na taɓa jin ana gardama a fada ko na gawa ne. Mai lambu a bakin Gulbi kuma, da ya san dashen albasa da tumatir, gani yake abin zai yi saiwa ya kama. Duk ba haka ba ne. Ba kuma haƙorin Makka ba ne, domin shi wannan yawanci hular zinari ko azurfa ce ake kifawa a kan haƙorin da yake nan daram. Ba haƙorin roba ba ne da tsofaffi ke cirewa da dare su tsoma a kofi. Akwai ma wata dabara da likitoci ke kira gada, inda ake fere haƙoran da ke gefe da gefen giɓin a rataya sabon a jikinsu. Ita ma daban take.

Abin da ake dasawa ƙusa ce mai zare, irin ta murɗawa, da aka ƙera da ƙarfen titaniyom, tsawonta bai cika wuce santimita ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Ita ake murɗawa cikin ƙashin muƙamuƙi ta tsaya a madadin saiwar da ta tafi. A kanta ake ɗaura wani ɗan guntun mahaɗi da ke leƙowa ta dasashi, sannan a kifa masa haƙorin da ido ke gani, wanda galibi na tangaran ne, an daidaita launinsa da na maƙwabtansa. Masu Faransanci a nan “amplan” suke cewa.

Yadda aka gano abin ma labari ne. A 1952 wani likita mai bincike ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, yana nazarin yadda jini ke gudana cikin ƙashi, ya sa wani ɗan bututun titaniyom a ƙashin ƙafar zomo. Da ya gama ya zo cirewa, abu ya ƙi fita: ƙashin ya manne da ƙarfen kamar tare aka halicce su. Jiki yakan yi faɗa da baƙon abu ya kewaye shi da tsoka, amma titaniyom sai ya karɓe shi. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe a birnin Gotenbag, mutumin kuwa ya ci abinci da waɗannan ƙusoshi shekara arba'in har ya bar duniya. Duk da haka likitocin haƙori sun daɗe suna ɗari-ɗari da abin, sai bayan wani taro a Toronto ta Kanada a 1982 ya bazu.

Shi aikin kansa ba wani dogon tashin hankali ba ne. Ana ɗaukar hoton muƙamuƙi a ga kaurin ƙashin da inda jijiya ta bi, a yi allurar kashe wurin, a tsaga dasashi kaɗan, a huda ƙashi a hankali ana zuba ruwa don kada ya yi zafi ya ƙone, a murɗa ƙusar, a ɗinke. Mutum yana farke. Jiran ne mai tsawo: wata uku zuwa shida kafin ƙashi ya gama kama ƙarfen a ɗora haƙori, muƙamuƙin sama kuma ya fi na ƙasa jinkiri saboda ƙashinsa bai kai wancan tauri ba. Masu bidiyo ba su cika nuna waɗannan watanni ba. Ba a kuma yi wa yaro sai muƙamuƙinsa ya gama girma, wajen shekara 18 ko sama.

To amma a cikin me za a murɗa ƙusar? Nan ne maganar ta koma kan dasashi, nan ne kuma kawuna ya sha mamaki.

Haƙori ba a cake yake cikin ƙashi kamar turke ba. Akwai wasu siraran zaruruwa da ke ɗaure saiwarsa da ƙashin, dasashi kuma ya lulluɓe su ya kama wuyan haƙorin kamar bakin zani. Duk bayan cin abinci wani farin yauƙi yana taruwa a wannan wuya, cike da ƙwayoyin cuta. In an goge, ya tafi. In an bar shi kwanaki, gishirin da ke cikin miyau ya daskarar da shi ya zama kanta mai tauri, wadda asuwaki ko burushi ba sa iya kankarewa. Dasashi sai ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini in an taɓa. Mutum ya tofa miyau bayan asuwaki ya ga ja-ja ya ce ai itacen ne ya yi ƙarfi. A wannan mataki ciwon yana warkewa sarai in an yi wankin haƙori a asibiti aka kuma kula da gogewa. Mata masu ciki ma sukan gamu da shi saboda sauyin jiki.

In aka ƙyale shi, dasashin ya fara sakin haƙori, wani ɗan aljihu ya buɗe tsakaninsu, kanta ta gangara ciki inda hannu ba ya kai. Jiki yana yaƙi da ƙwayoyin cutar, a garin yaƙin yana cinye zaruruwan da ƙashin kansa. Duk wanda ya ga yadda ruwan damina ke zaizaye gindin itace a bakin kwazazzabo ya san abin: itacen yana tsaye kore shar, saiwoyi a waje, ranar da iska ta kaɗa kaɗan sai ya kwanta. Haka haƙora ke yin tsawo a ido, wushirya ta buɗe wa wanda ba a haife shi da ita ba, baki ya riƙa wari ko an ci kanumfari, wani lokaci a danna dasashi mugunya ta fito. Mugun halin ciwon shi ne rashin zafi. Da yana hana barci kamar ramin haƙori, da tuni an garzaya likita. Ƙashin da ya tafi kuwa ba ya dawowa da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2022 ta ce mai tsananin ciwon yana jikin kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, sama da mutum biliyan ɗaya.

Akwai likitan haƙori da ya ƙara karatu na musamman a kan dasashi da ƙashin da ke riƙe haƙora. Da Faransanci “parodontis” ake ce masa, mu sai mu ce likitan dasashi. Irinsu ba su da yawa a ƙasashenmu, shi ya sa masu hali ke nufar Yamai, ko su bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano. Ni na raka kawu Yamai. Shi a ransa za a murɗa masa huɗu ya kwana ɗaya ya dawo rumfa.

Likitar, wata mace mai sanyin magana, ba ta ko kalli giɓin ba da farko. Ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai zane-zane kamar rula, tana zura shi a hankali tsakanin kowane haƙori da dasashi tana kiran lamba, mataimakinta yana rubutawa: shida, bakwai, biyar, takwas. Lafiyayyen dasashi daga milimita 1 zuwa 3 yake tsayawa. Kawu ya tofa jini a ɗan kwano ya ce, “Likita, ni fa dashe na zo yi, mi ya kawo awo?” Ta ce, “Alhaji, in na sa maka ƙusa yau, abin da ya ci waɗancan ita ma zai ci ta. Kana da sukari?” Ya yi shiru, sannan ya ce an taɓa faɗa masa.

Ba a banza ta tambaya ba. Ciwon sukari da ciwon dasashi suna taya juna ɓarna: sukarin da bai daidaita ba yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta ya hana rauni warkewa, kumburin dasashi kuma yana sa sukarin ya ƙi sauka. Taba ita ce ta biyu, kuma ta fi wayo, domin tana tsuke hanyoyin jini a dasashi har mai shanta ya daina ganin jinin da zai ankarar da shi, ciwon yana ci a ɓoye. Masu shan taba sun fi kowa ganin dashensu ya ƙi kamawa.

Abin da aka yi wa kawu a watannin farko kankara ce. Aka kashe wurin, aka bi ƙarƙashin dasashi da na'ura mai fesa ruwa ana ɓamɓare kanta daga jikin saiwoyi, ɓangare-ɓangare, zuwa bayan zuwa. Aka cire wasu biyu da suka riga suka zama ba su da mariƙa. Aka tura shi wajen likitan sukari. Inda aljihun ya yi zurfi da yawa akan buɗe dasashin a wanke a ɗinke, inda ƙashi ya sirance kuma akan yi masa ciko da garin ƙashi a jira ya haɗe kafin a yi maganar ƙusa. Kowane mataki da kuɗinsa, ga na mota, ga masauki. Da aka yi masa lissafin haƙori ɗaya ya dube ni ya ce, “Kai ɗan nan, wanga ai sa na ne za ni sa a baki.”

Ni ba na cikin masu raina asuwaki. Ɗanyen reshen bedi ko irin wanda alhazai ke kawowa yana share gaban haƙori tas in an iya riƙe shi, ga lada. Inda yake gazawa shi ne tsakanin haƙora da bayan turame, can kuwa ciwon ya fi fara ɓarna. Gawayi da toka da wasu ke dirzawa suna haskaka baki na ɗan lokaci amma suna goge fatar haƙori su kori dasashi baya. Tsinken ashana kuma, wanda kowa ke sakace da shi bayan tsire, ya fi cakar dasashi a kan fitar da naman da ya maƙale.

Wani abin da masu talla ba sa faɗi: haƙorin dashe ba ya ruɓewa, gaskiya ne, tangaran da ƙarfe ba abincin ƙwaro ba ne. Amma dasashin da ke kewaye da shi yana kamuwa kamar na kowa, har ma ɓarnar takan fi sauri, tunda ƙusa ba ta da waɗancan zaruruwa da jinin da ke bin su. Ƙashi ya zaizaye a gindinta, ta fara girgiɗi, a cire. In an kula, fiye da 9 cikin 10 suna wuce shekara goma suna aiki. Kular kuwa ita ce goge baki safe da dare, da ɗan siririn burushin tsakanin haƙora, da komawa wajen likita lokaci-lokaci har iyakar rayuwa.

Sai da kawu ya yi wata takwas kafin lambobin nan su sauko, likitar ta yarda ta sa masa biyu a ƙasa, inda ƙashi ya rage da kauri. Sauran giɓin aka rufe da na cirewa, wanda har yau yake ƙorafin yana hana shi jin daɗin fura. Goro ya rage, bai bari ba. Ƙuli-ƙuli kuwa yanzu daka masa ake yi a barbaɗa a kan dambu. Haƙorin farkon yana nan cikin takardarsa a akwatin kuɗi, kuma duk abokin cinikin da ya yi kuskuren cewa bakinsa na jini, sai ya buɗe ya nuna masa.