Waiwaye: Inda Nawar Manhajojin Haɗa Bidiyo Ta Samo Asali

Duk mai aikin montaj, wato haɗa bidiyo, a Damagaram, ko na faifan biki ne ko na waƙa, ya san wannan takaici. Ka ɗauki mawaƙi a gaban koren ƙyalle, ka cire ƙyallen ka sa fadar Sarki a bayansa, ka ɗora rubutu da ɗan hayaƙi, sai aiki ya tsaya cak. Ka leƙa ka ga me kwamfutar ke yi, sai ka tarar kai ɗaya cikin kawuna takwas na firosesa, wato ƙwaƙwalwar lissafin kwamfutar, ke ta fama, sauran bakwai na zaune, katin girafik ɗin, mai sarrafa hoto, da aka zuba wa kuɗi kuwa ko ɗumi bai yi ba.

Abin ya daɗe. Manhajar After Effects, wadda ake irin wannan aikin da ita, ta fito a 1993 daga wani ƙaramin kamfani mai suna CoSA a Amurka, kafin ta koma hannun Adobe a 1994. A lokacin firosesa kai ɗaya gare ta, don haka aka gina manhajar ta riƙa gama hoto ɗaya kafin ta kama na gaba. Babu wanda ya damu, tunda kowace shekara gudun firosesa ƙaruwa yake yi. Wajen 2004 ne aka ci karo da zafi da cin wuta: Intel ta fasa fitar da Pentium 4 mai gudun gigahaz 4, daga 2005 kuma masu ƙera firosesa suka koma ƙara kawuna maimakon gudu. Tsohuwar manhaja ba ta san yadda za ta raba musu aiki ba.

Adobe ta gwada dabara, ta riƙa buɗe kwafin manhajar da yawa a ɓoye, kowane da hotonsa, amma hakan ya zama haɗiyar ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta. A 2010 ne bugun manhajar mai suna CS5 ya koma tsarin bit 64, ya tsallake katangar gigabait 4 na ram. A 2015 aka cire waccan dabara ɗungurungum, kuma sai a Oktoban 2021 aka dawo da sarrafa hotuna da yawa a lokaci guda. Shekara shida ke nan mutane na sayen manyan injuna suna amfani da ɗan ɓangarensu. Kuma tsofaffin bugun nan su ne har yau a kan kwamfutoci da yawa a ɗakunan montaj namu, galibi na hannu da aka sayo daga Kano.

Shi ma hoton bai tsaya jiran kowa ba. Zamanin kaset ɗin DV, hoto ɗaya ɗigo 720 ne sau 576. Na 4K kuwa 3840 sau 2160, wato ninki 20 daidai. Kowane hoton 4K ɗaya yana cin kusan megabait 33 idan an warware shi, ga shi ana buƙatar 25 a daƙiƙa guda, kowace shimfiɗa ta rubutu ko hayaƙi da aka ɗora kuma da nata lissafi. Ga wata matsala da ba a cika lura da ita ba: tsarin matse bidiyo na H.264 da na H.265, waɗanda wayoyi ke amfani da su, ba sa ajiye kowane hoto cikakke. Kafin manhaja ta nuna maka guda, sai ta koma baya ta warware maƙwabtansa. An yi tsare-tsaren nan ne don kallo da turawa, ba don montaj ba.

Maganar katin girafik fa? Premiere Pro, wata manhajar montaj ta Adobe, ta fara jingina da shi sosai tun 2010. Fusion, takwarar After Effects wadda kamfanin Blackmagic ya saya a 2014 ya kuma saka cikin manhajarsa ta montaj DaVinci Resolve a 2018, ita ma tana mora. After Effects kuwa sannu a hankali take miƙa masa wasu ayyuka, sauran na kan firosesa da ram. Shi ya sa nake ganin asara ce yaro ya tara kuɗin biki uku ya sayi kati alhali ram ɗinsa gigabait 8 ne, faifan ajiyarsa kuma tsohon mai juyawa.

Sai kuma namu na gida. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, firosesa kuwa da ta ji zafi sai ta rage gudu da kanta don kar ta ƙone. Idan wuta ta ɗauke aka koma kan batir, ta ƙara ragewa. Ƙwararrun cikinmu sun daɗe da ganewa: su yi aiki da ƙaramin kwafin bidiyon, su hure ƙurar, su bar fitar da aikin sai bayan isha'i.